Haki Iri-Iri a Kan Tsaunukan Alps

A Turai akwai wata wahala da sai an biya kuɗi ake sha. Da zarar Yuni ya kama, an kwashe dusar ƙanƙarar da ta toshe hanyoyin tsaunukan Alps tun farkon hunturu, sai ka ga mutane da hankalinsu, da motocinsu a gareji, sun jawo keke ko sun ɗauki sanda sun nufi mashigan duwatsu. Mashigi shi ne inda tsauni ya ɗan rusuna har hanya ta samu ta ƙetare. Rusunawar ma ta ganin dama ce: Galibier a Faransa mita 2,642 ne, Stelvio a Italiya 2,757, alhali Chappal Waddi na Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Najeriya, 2,419 ne. In ka isa saman ba fada ba kasuwa, sai iska da allo mai suna da lamba, sai layin masu jiran hoto. Na sha zama kusa da irin wannan allo saboda ƙafafuna sun ƙi tashi, har na san jama'ar wurin.

Na farko da ido ke faɗa wa shi ne Mai Sikeli. Kekensa ya fi ƙaramar mota tsada, kuma kafin ka tambaya zai ce ka ɗaga ka ji. Ya san dokar tsere ta hana keke ya gaza kilo 6.8, nasa kuwa yana dab da nan. Ya canza sirdi ya rage giram 80, ya canza kusoshin mariƙin gora ya rage giram 6. Sai ya juya gefe, ka ga tumbi ya cika ɗamammiyar riga kamar an cusa tulu a safa. Ba wanda ya taɓa yi masa zancen. Ni ma ɗaga keken na yi, na ce tubarkalla.

Bayansa akwai Mai Kundi. Wannan ba ya kallon tsauni, tara shi yake yi. A Faransa har ƙungiya gare su tun 1972, ta masu mashigi ɗari, kuma ba a karɓarka sai ka haye ɗari da keke, biyar daga ciki sun kai mita 2,000. Ga kwari shimfiɗe a ƙasa, ga farar ƙanƙara a sama, shi kuwa idonsa na kan 'yar na'urar da ke maƙale a kan keke. In batirinta ya mutu a hanya, a wurinsa hawan bai auku ba. Kada ka kuskura ka tambaye shi wane mashigi ya fi tsawo. Zai ce Iseran ne, mita 2,764. Wani irinsa zai yi tsalle ya ce ai hanyar Bonette ta kai 2,802. Na farko zai ce wannan ha'inci ne, mashigin Bonette na asali 2,715 ne, ƙarin wata 'yar zagaya ce aka yi wa ƙoƙuwar dutse don a ci gari. Na bar su rana na tsaka, na dawo inuwa ta karkata suna nan.

Shi kuwa Saura Kaɗan mutumin kirki ne, illarsa ƙarya. Yana gangarowa a guje, ya gan ka kana tangaɗi, sai ya ɗaga murya: "Yi ƙoƙari abokina, ka iso!" Ni a Plan Lachat ya same ni, a hanyar Galibier, inda saura kilomita 8 kuma daga nan ne hanyar take miƙewa tsaye. Duk wanda ya taɓa tambayar hanya a ƙauye aka ce masa "nan kusa ne, bayan tudun can" ya san danginsa. Gara duwatsun da Faransawa suka kafa a kowane kilomita, masu faɗin abin da ya rage da irin tsinin da ke gaba. Ba su da tausayi, amma ba su taɓa yaudarata ba.

Mai Hoto bai taɓa gajiya ba a rayuwarsa. Tsayawa kawai yake yi, saboda kyan wuri. Hanyar Stelvio, wadda daular Ostiriya ta sa aka sassaƙa tsakanin 1820 da 1825, tana da kwana 48 ta ɓangaren garin Prato, kowace da lambarta. Kwana goman farko ba ya ganin abin ɗauka. Daga ta 30 zuwa sama kuwa kowace saniya mai ƙararrawa a wuya ta cancanci hoto uku. Yana riƙe da waya hannu na rawa, harshe a waje, in an zo wucewa ya ce, "Kai, dubi ikon Allah!" In shanu sun ƙare sai sarƙa ta fara ba shi matsala, ko ya ce bakanike ne ya sa masa giyar da ba ta hawa ba.

Mai keken batir kashi biyu ne. Akwai mai gaskiya, da zai wuce ka yana zaune ƙyam kamar hakimi a hawan sallah, yana cin tuffa. Wannan na yafe masa. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai ɓoye batir a cikin ƙarfen keke, da ya hango mutane sai ya ɓata fuska ya fara haki na aro. Goshinsa a bushe yake.

Amma mai karya zuciya ita ce Iya. Ta haura saba'in, kekenta na ƙarfe ya girmi Mai Sikeli, da ɗan kwando a gaba. Ba ta sauri, ba ta tsayawa. Ta iske ni ina tura keke, ta gaishe ni da cikakkiyar murya, ba ko ɗigon haki, ta ce, "Yaro, sassauta giya, dutsen ba gudu zai yi ba." Lokacin da na isa ta gama shan kofi tana ɗaura ɗankwali.

'Yan ƙafa ma ba a bar su a baya ba. Zagayen dutsen Mont Blanc kusan kilomita 170 ne, ta Faransa da Italiya da Suwizalan, kuma mai hankali kan yi shi cikin kwana goma. A nan za ka ga Kunkuru, wanda ya goyo gidansa: risho, tukunya, littattafai uku, takalmi na canji, kaya kamar za a kai amarya. Kwana biyu sai ya fara kyauta. Za ka ga Barewa, da gajeren wando da 'yar gora, irin waɗanda zakarunsu kan gama zagayen nan cikin awa ashirin a tseren ƙarshen Agusta. Shi bai san launin furen da ya taka ba. Da dare duk a haɗu a bukkar dutse, gado kusa da gado, safa na rataye tana yaji. A nan Sarkin Munshari ke karɓar mulki. Shi ne farkon barci, shi ne kuma da safe zai ce bai runtsa ba.

A mashigin San Barna Babba, mita 2,469, inda limaman Kirista ke saukar matafiya kusan shekara dubu, Malam Tarihi ya tare ni. Ya rantse ya san ainihin inda sarkin yaƙi Hanibal ya bi da giwayensa a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, abin da masana ke jayayya a kai har gobe. Sai dai ya ba ni labari ɗaya mai amfani. A watan Mayun 1800 Napoliyon ya ƙetare nan da sojoji wajen 40,000. Mai zane David ya zana shi a kan ingarma ya yi tsaye da ƙafa biyu, mayafi na kaɗawa. A zahiri alfadari ya hau, wani ɗan ƙauye na ja masa linzami. Jikokin Napoliyon suna nan: su ne masu isowa a mota, su fakar da ita bayan shago, su sauke keke, su yayyafa ruwa a fuska, su shiga layin allo su ɗaga keken sama da hannu biyu.

An ce a faɗi na kowa, to ga nawa. Na hau da 'yar shimi saboda a kwari zafi ake yi, ban san duk mita dubu sanyi na ƙaruwa da kusan digiri shida ba. Na gangaro jiƙe da gumi, haƙora na kaɗawa, yatsu sun ƙi kama birki, sai da wani dattijo ya cusa mini tsohuwar jarida a ƙirji, dabarar 'yan tsere tun zamanin kakanni.

In Allah Ya kai ka, ka tafi da rigar sanyi da jarida. In kuma ka iske wani Bahaushe a kwana ta 20 yana ɗaukar hoton saniya, kada ka ce masa saura kaɗan. Yi masa sannu ka wuce.