Masu Babur Iri-Iri, Daga Ikara Zuwa Hunƙuyi

A ƙasar Sukotilan akwai wata gasar babur ta kwana shida da aka fara tun 1909, wadda yanzu ake yi a duwatsun da suka kewaye garin Fort William. Ba tsere ba ce. Mutum zai bi cikin rafi da babur, ya haye dutse, ya gangara kwazazzabo, alƙali na tsaye da takarda ba abin da yake kallo sai ƙafarsa. In ya dafa ƙasa sau ɗaya a rubuta masa laifi ɗaya, in ya faɗi a rubuta biyar. Wanda laifinsa ya fi ƙaranci shi ya ci. Wasan tirayal ke nan. Baburansa ba su da wurin zama, a tsaye ake tuƙa su, nauyinsu bai wuce wajen kilo 70 ba, kuma da gangan ake sassauta iskar tayarsu don ta kama dutse. Wani ɗan Sifaniya mai suna Toni Bou ya ɗauki kofin duniya na wasan a 2007 da babur ɗin Montesa, ya yi ta maimaitawa shekara bayan shekara har sau goma sha biyar da ɗoriya.

Ka kwashe wannan labari ka ba manomin da ke bin hanyar gona a ƙasar Likoro ko Gazara cikin watan Agusta, zai saurare ka har ka gama, sannan ya ce, "To shi Baturen buhun taki nawa yake ɗaurawa?" In ka ce ko ɗaya, hira ta ƙare. A Ikara da Maƙarfi da Kudan babu alƙali mai takarda, amma akwai laka, akwai burtali, akwai kunyar gona, ga babur da ya haura kilo 100 tun ba a ɗora masa komai ba. Kowa ɗan wasa ne ba da son ransa ba. Inda mutane suka bambanta shi ne yadda suke sayen ƙarfen nan da yadda suke zama da shi, kuma wanda ya zauna a bencin bakanike ranar Laraba, ranar kasuwar Maƙarfi, zai gan su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai Mai Shawara. Shi bai saya ba tukuna, zai saya. Kaka uku ke nan yana sayar da masara da niyyar babur. Ya tambayi ɗan acaba a Tashar Yari, ya ce masa Boxer, don ba ya shan mai kuma kayan gyaransa har a ƙauye ana samu. Ya tambayi malamin makaranta, ya ce Haojue ya fi mutunci. Kawunsa ya ce shi tun da aka daina kawo na Japan bai ƙara ganin babur ba, sai gwangwani. Kowace shawara ya ce, "Wallahi gaskiya ka faɗa." Kafin ya yanke hukunci farashi ya tashi, kuɗin sabo sun koma kuɗin na hannu, sai ya faɗa wurin dillali.

Dillali kuwa duk babur ɗin da ke hannunsa na wani dattijo ne da ba ya zuwa ko'ina sai masallacin Juma'a. Kafin mai saye ya iso an riga an tayar da injin ya yi ɗumi, saboda inji mai sanyi ba ya rufa asiri: a bugun farko ake jin ƙarar da ke ciki, a ga shuɗin hayaƙin da ke nuna ringi ya cinye yana ƙona baƙin mai. Mai wayo yakan ɗora tafin hannu kan injin tun kafin a gama gaisawa, ya durƙusa ya nemi sawun walda a ƙashin babur, ya gwada lambar inji da ta jikin rasit. Mai Shawara ba ya yin ko ɗaya. Hon yake dannawa. In ya yi ƙara, "Alhaji, sallama nawa?"

Sai Mai Leda. Wannan sabo dal ya saya, kuma ya ƙudurta haka zai tsufa. Shekara biyu ledar da aka naɗo sit da ita tana nan, ta yage ta zama tsumma, yana liƙe ta da salatif. Akwai ƙyalle a aljihunsa na musamman. In hadari ya haɗo, babur ne ke fara shiga ɗaki kafin awaki, kafin shanyar hatsi. Ba ya goyon mai ƙiba. Matarsa ta san matsayinta a gidan, ta kuma san wanda ke gabanta. Abin da ba a faɗa masa shi ne ledar da ke jikin tanki tana tara ruwa a ƙarƙashi, ranar da ya cire ta tsatsa zai tarar.

Kishiyarsa shi ne Malam Gobe. Ka ce masa, "Malam, sarƙar nan ta saki," ya ce gobe. Birkin baya ya mutu tun ƙaramar salla, da takalmi yake tsayawa, shi ya sa silifas ɗinsa na dama ya fi na hagu sirantaka. Baƙin mai kuwa ba ya juyewa, ƙari yake yi. Ranar da bakanike ya kwance noti don ya tsiyaye, sai a yi ta jira, abin ya ƙi fitowa, daga baya ya ɗiso baƙi ƙirin da kauri. Kada a ɗauka wannan hali namu ne mu kaɗai. A 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Fakistan don su ga yadda ake amfani da baburansu. Suka tarar ana goyon mutum uku da huɗu, ba a juye mai sai ya lalace, ba a zuwa wurin gyara sai babur ya tsaya cak. Da suka koma gida, maimakon su yi wa duniya wa'azi, sai suka ƙera CG125 a 1975, injin da zai jure sakaci. Wato dai an san da Malam Gobe a Japan, har an yi masa babur nasa. Amma ko wannan injin yana da iyaka. In ya buga, Malam Gobe zai turo shi tun daga gona, gumi har cikin ido, ya ce wa bakanike, "Haka kawai ina cikin tafiya ya mutu. Ban yi masa komai ba." Wannan magana tasa gaskiya ce tsantsa.

Na-ji-ƙara kuma kullum yana rumfar bakanike. "Oga, saurara. Ka ji? Wani ƙis-ƙis yake yi in na sa giya ta uku." Oga ya hau ya zaga ya dawo, bai ji komai ba. Wani lokaci makullan gidansa ne ke bugun tanki. Bakanike mai tsoron Allah zai faɗa masa. Wanda ke da kuɗin makarantar yara a wuya zai ce a bar shi ya kwana.

Wanda na fi so duk cikinsu, kuma wanda bakanikai suka fi so ko da bakinsu bai faɗa ba, shi ne Injiniyan Zaure. Yana da sufana mai lamba 10 da mai lamba 12, da filaya, da sukundireba da bakinta ya karye aka wasa. A da iliminsa daga kallo ne: yakan tsaya kan bakanike yana leƙe har numfashinsa na dukan ƙeyar mutum. Yanzu ya samu waya, yana kallon wani Ba'indiye a YouTube yana kwance inji cikin yaren da ba ya ji. Ranar da ba ya zuwa gona sai ya shimfiɗa buhu a zaure, ya kori yara, ya ce yau zai wanke kafireta.

A yi masa adalci, akwai abin da ya iya, kuma da kowa zai iya su da an huta. Ya san karatun fulogi: in bakinsa ya yi ruwan ƙasa, inji lafiya, in ya yi baƙin ƙuna, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe, in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan kuma inji na cin wuta. Ya san sarƙa ba a ɗaure ta tamau, ana bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu, kuma ba a sa sabuwar sarƙa kan haƙoran da suka cinye. Ya san lokacin hunturu soson matatar iska na son wanki akai-akai saboda ƙura. Da ya tsaya nan da ya zama abin koyi. Matsalar ita ce nasara na sa shi ƙarin gaba. Daga kafireta sai ya ga ai bawul ma ba wani abu ba ne. La'asar na yi, inji ya zama gunduwa-gunduwa a kan buhu, kaza ta yi gaba da wani ɗan siririn sifirin, ƙaramin ɗansa na wasa da boris a tsakar gida. Ya haɗa komai kafin magariba, sai ga noti uku da wasa ɗaya sun yi saura. Ya jujjuya su a tafin hannu, ya ce kamfani ne ya sa su don ƙawa.

Washegari za ka gan shi a bayan ɗan acaba, rungume da kwali. Ya dire gaban bakanike ya ce, "Wani yaro ne ya taɓa min shi." Oga ba zai ce komai ba. Yaran shago ne za su juya baya kafaɗunsu na rawa. Kuɗin gyara ninki biyu ne, ɗaya na cutar asali, ɗaya na maganin da aka yi mata a gida. In wani abu ya karye sai an aika Sabon Garin Zariya, a nan kuma sabuwar muhawara ta tashi kan orijina da jabu, shi da ya sayi mafi araha ya rantse kwalinsu iri ɗaya ne.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, wani sabon iri ya yaɗu, Mai Tsimi. Kullum makunnin mansa na kan rizab. Rabin kwalba yake saye wurin ɗan bumburutu, ya tsaya sai ɗigon ƙarshe ya sauka, ya girgiza mazurari. Ko gangaren da ido ba ya gani shi ya san da shi, zai kashe inji ya sulala. Ya sa an matse masa kafireta har babur na tari, bai san abin da ya rage a fetur zai biya shi a fistin ba, don injin da ba ya samun isasshen mai zafi yake yi. In kuka haɗu yana tura babur a hanyar Paki, kada ka tambaye shi ko mai ne ya ƙare. Zai ce motsa jini yake yi.

Sarkin Roba ba ya zuwa wurin kowa. Tsohuwar tif ɗin taya da wayar ɗaurin kaji sun ishe shi. Madigadi a ɗaure, fitila a ɗaure, salansa a ɗaure. Makulli ya ɓata tuntuni, wayoyi biyu yake haɗawa. Ɓarawo ba ya kallon babur ɗinsa, in ma ya ɗauka ba zai iya tayarwa ba.

Amma zakaran wasan, wanda ya kamata a kai Sukotilan a gwada, shi ne Mai Lodi. Da rani za ka gan shi ya fito daga fadamar Kudan da dammunan rake a gicciye, faɗinsu ya cinye hanya, ko kwandunan tumatir an jera har sun fi kansa tsawo, irin tumatirin da ya sa aka kafa wa Ikara masana'anta tun farkon shekarun 1980. Shi kansa a kan tanki yake zaune, haɓarsa kusa da madubi. Ya ƙara wa bayan babur shokozoba, ya sa mai walda ya faɗaɗa kariya. Ba ya dafa ƙasa, ba don alƙali ba, sai don in ya dafa da wannan nauyi ƙafar ce za ta tafi. Su ma iri biyu ne, a bakin rafi ake rarrabe su. Matashi yakan ja da baya ya murɗa totur ya afka da gudu, ruwa ya shiga ta matatar iska, inji ya shaƙe a tsakiya. Nan zai tsaya ruwa har gwiwa yana buga kik, abin da ke ƙara lalata injin, alhali fulogi ya kamata ya cire ya fitar da ruwan tukuna. Dattijo kuwa sauka yake yi, ya naɗe wando, ya taka rafin da ƙafa ya ji inda yashi yake da inda rami yake, ya dawo ya sa giya ta ɗaya ya ratsa a hankali, in ya haye ya ɗan taka birki yana tafiya don ya bushe. 'Yan tirayal na Turai ma haka suke yi, sai sun taka wurin da ƙafa kafin su hau. Dattijon bai taɓa jin labarinsu ba.

Ɗan Aro ba ya buƙatar dogon bayani. "Yaya, ba ni makulli, nan bakin kasuwa zan je." Sai bayan isha'i, tanki a bushe, madubi ɗaya a aljihu. A ranar ne za ka ji ashe dama birkinka ba shi da kyau, kuma Allah ne ya kiyaye shi.

'Yan rakiyar amarya kuma sun cire salansa, sun cire madubi, suna ɗaga tayar gaba a tsakiyar gari. Hular kwano ba ta cikin lissafinsu. Da aka tilasta sa ta a farkon 2009, wasu a Kano ƙwarya suka kifa a ka, waɗannan ko ƙwaryar ba za su ɗauka ba. Mai ɗori ya san sunayen iyayensu duka.

Saura mutum ɗaya, wanda ke ƙarshen benci tun safe yana shan rake. Ba shi da babur. Bai taɓa yi ba. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta sanar da hana hawa babur na wata uku a ƙarshen Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro, ya fi masu babur ɗin ƙorafi. Kafin Oga ya taɓa inji ya riga ya faɗi cutar: "Kwayil ne." Ko taya ce ta yi faci, kwayil ne. Ya san wanda ya sayi nasa bashi, da wanda matarsa ta sayar da akuya ta cika masa. In Mai Shawara ya zo neman shawara karo na huɗu, wurinsa yake zama, su raba rake, ya ce masa, "Ni dai in ka bi tawa, ka ɗan ƙara jira. An ce akwai wani sabo da za a kawo." Da yamma in za a rufe shago sai ya karkaɗe ɓawon rake daga rigarsa, ya dubi yaron Oga.

"Kai, ɗan sauke ni a gida mana."