A Yanke Jelar, Ƙidaya Na Nan

Ku masu cewa yanke jelar adireshin intanet aikin marasa aikin yi ne, ku matso kusa. Tun daga Banex a Wuse 2 nake jin ku: "Malam, adireshi ai adireshi ne, a danna a wuce." To madalla! Amma duba wanda ƙanin matarka ya turo maka a WhatsApp. Bayan alamar tambaya akwai doguwar jela mai utm_source da utm_campaign, wani lokaci har fbclid. Ta utm ɗin gadon kamfanin Urchin ce, wanda Google ya saya a 2005, kuma aikinta ta tsegunta wa mai shafi daga wace talla ka fito. Ta fbclid kuwa Facebook ke liƙa ta idan ka danna.

Ga Alhaji mai sayar da shadda ta intanet ya ɗaure fuska: "In an yanke, ya zan san masu leƙo shagona?" Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe. Kwamfutar da ke ɗauke da shafinka tana rubuta kowace ziyara, da jela ko babu. Ana ma iya tsara shafin ya karanta jelar, ya ƙirga baƙon, sannan ya goge ta kafin a kwafi adireshin. Ribar taka ce. In ba haka ba, adireshi mai tambarin Facebook zai zaga rukunin dangi daga Kubwa zuwa Nyanya, kai kuwa kana ƙara wa Facebook kuɗin talla kan aikin da gwaggo ta yi maka kyauta.

Kai kuma mai murna, kada ka ɗauka ka samu layar zana. Lambar IP ɗinka tana nan, an ga shigarka.

Masu cewa ƙirƙirar 'yan bokon Abuja ce, ku sha kuruminku. Firefox ya fara datse wasu daga cikin jelolin nan a 2022, Apple ya bi sahu a iOS 17 a 2023. A Yunin shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, kuma hukumar NDPC tana nan Abuja don kula da ita.

Sai dai a yi yankan da lura. A adireshin YouTube, abin da ke bin v= shi ne bidiyon kansa; ka cire shi, gwaggo ta kira ka da tsakar dare. Kafin ka tura, goge utm da fbclid, ka bar sauran.