Yadda ake sauke wifi a gida a Geskeru

Maigida, in kuɗin tattasai sun shigo bana har ka yi niyyar sa wifi a gida, kada ka fara da kanti. Fara da tsakar gidanka. Ari waya mai layin Airtel, da mai Moov, da mai Zamani, wanda a da ake kira Orange, ka zaga da su ɗaki-ɗaki har bayan rumbu. Maƙwabta za su zaci allura ka ɓatar, ƙyale su. Layin da ya riƙe rezo bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau intanet, shi za ka sa wa akwatin wifi. Da yake kogin Komadugu kawai ya raba mu da Najeriya, na'ura kan kamo layin ƙetare ba ta yi shawara da kai ba, kuɗi kuma su bi ruwa. Shiga saitin akwatin ka hana shi ƙetare kogi.

Akwatin wifi baƙo ne mai zaɓen masauki. Ba ya kwana a ƙasa, ba ya zama bayan akwatin ƙarfe, ba ya son a manna shi da rufin kwano, domin kwano da katangar laka mai kauri suna tare saƙonsa. Yi masa ƴar kanta a sama, kusa da taga, a ɗakin da ke tsakiyar gida. Wanda ya ga ambaliyar 2019 da ta 2022 ba sai an faɗa masa amfanin ajiya a sama ba. Uwargida za ta so ta lulluɓe shi da kyakkyawan ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Yi mata godiya, ka lallashe ta ta bari: ƴan ramukan jikinsa ta nan yake shan iska, kuma zafin Afirilu a nan yana haura digiri 40.

In ka ga suna biyu a waya, ɗaya da 2.4 ɗaya da 5, mai 5 ya fi gudu amma katanga biyu sun ishe shi; mai 2.4 shi ke kaiwa zaure. Wuta kuwa, yawancin akwatunan nan volt 12 suke ci, duba rubutun jikinsa. Haɗa shi da batir ɗin sola, kada ka jona shi kai tsaye da faranti. Hadari ya taso da walƙiya, zare shi.

Saura babban aiki, wato kalmar sirri. A ƙarƙashin akwatin akwai ƴar takarda ɗauke da ta kamfani, kuma duk yaron da ya iya ɗaga akwati ya iya karanta ta. Canja ta ran farko, ka canja ta shiga saitin ma, ka zaɓi kariyar WPA2. Kalmar ba ta yin ƙasa da haruffa 8. Ban da 12345678, ban da lambar wayarka, ban da sunan ɗan fari, don nan samarin unguwa za su fara gwaji. Kada ka faɗa wa auta, alawa ɗaya ta ishe shi ya tona. Ran da ka ga majalisar shayi ta baro inuwarta ta dawo jikin katangarka a cikin rana, kowa ya sunkuyar da kai, to magana ta fita. Haƙƙin maƙwabtaka gaskiya ne, shi ya sa akwatuna da yawa ke da layin baƙi. Buɗe musu shi da kalmarsa daban, ka san abin da ka bayar da hannunka. A wayoyin gida kuma a kashe sabunta manhaja da kanta, ita ce ke cinye mega mutane na barci.

Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, ya shigo Nijar a 2025, amma yana son sarari buɗe da wuta mai yawa da aljihu mai nauyi. Gida uku ko huɗu su haɗa kai ya fi.

Tun 2015 rashin tsaro ya warwatsa dangi, wasu suna Diffa, wasu a bakin babbar hanya, wasu Ngigmi. Saboda haka in fitilar akwatin ta kama, kafin ka tambayi farashin buhun tattasai, kafin ƴan ƙwallo su jeru, karɓi wayar Inna ka fara haɗa ta. Tana da mutanen da take son jin muryarsu.