Dokin Dai Ya Yi Kyau

Ƙurar filin fada ba ta gama fita daga hancina ba, don haka bari in faɗa da zafinsa. Daren Juma'a na yi wa kamarata ofdet. Aikin ba wuya: ka sauke fayil daga shafin kamfani, ka zuba a memori, ka cika batir, ka danna, sannan ka zauna kana addu'a kada ta mutu a tsakiyar hanya. Da ta farfaɗo sai ga sabon jeri a wurin saitin fokos: mutum, dabba, abin hawa, da na huɗu mai cewa a bar ta ta zaɓa da kanta. Na bar ta. Asabar da hantsi aka naɗa wani Alhaji sarauta. Ni iyalinsa suka ɗauka, sun ba ni rabin kuɗi, na kuma riga na cinye.

Wanda bai riƙe kamara a shekarun nan ba, ba zai san yadda aka sangarta mu ba. A Afrilun 2019 Sony ta saki ofdet da ya koya wa A7 III neman idon dabba. Wata guda bayan haka Nikon ta koya wa Z6 da Z7 neman idon mutum, a 2020 ta ƙara musu kare da kyanwa. Canon R6 Mark II da ta fito a ƙarshen 2022 har doki da jirgin ƙasa da jirgin sama take ganewa. Kamarar da ka saya bara sai ta kwana ta tashi da sabon wayo, ba ka ƙara ko sisi ba. Maigidan da ya koya mini sana'a da hannu yake murɗa zoben lens, ido ɗaya a rufe, harshe a waje. Mu kuwa ɗan akwati kore muke kallo a allo, ya sauka kan ƙwayar ido, mu danna, mu karɓi yabo.

Babban ɗan Alhaji ya ja ni gefe tun da safe. "Mai hoto, duk abin da za ka rasa, kada ka rasa jinjina. Shi za mu kafa a falo."

Jinjina kuwa sau ɗaya ake yin ta. Ga algaita, ga 'yan bindiga suna ta ɓarin albarushi, zagage suka buɗe hanya, Alhaji ya taho a kan wani ingarman akawal na haya. Na durƙusa, lens a kan 200, na buɗe shi har 2.8 don bayan ya narke. A tazarar da nake, wurin da zai fito tangaran bai wuce taƙi biyu ba, kan doki kuma ya riga fuskar mahayi da kusan mita guda.

Yanzu ku dubi Alhaji da idon na'ura. An koya mata fuska ne da tarin hotuna: ido biyu, hanci, baki. Rawani ya cinye goshi. Amawali ya haɗiye baki har zuwa karan hanci. Ɗan abin da ya rage kuma Alhaji ya rufe shi da baƙin tabarau. Akwatin nan kore ya sauka kan rawani, ya yi jim, ya gangara kan alkyabba, ya dawo. Na gan shi yana neman mutum bai samu ba. Alhaji ya ja linzami, ya miƙe a kan likkafa, ya ɗaga dunƙulallen hannu sama. A daidai nan akwatin ya yi tsalle gaba, ya lafe a kan ido guda ɗaya da ke buɗe a wurin, ƙato, baƙi, mai ruwa-ruwa, na akawal.

Na gani fa. Wannan ne ke hana ni barci. Yatsana ya riga ya nutse a madanni, kamara tana zubo hoto 20 a daƙiƙa. Babban yatsana ya garzaya kan maɓallin da na daɗe da ware wa maido fokos tsakiya, ashe ofdet ya mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, sai maɓallin ya buɗe mini ma'aunin karkata. Ga hannun Alhaji a sama, ga maroƙa na kirari, ni kuma kamara tana tabbatar mini da cewa ƙasa a miƙe take. Hannu ya sauko. Doki ya juya. Shi ke nan.

Tun jiya nake sake duba hotunan, ko ɗaya zai tuba. Ana ƙirga gashin idon dokin nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai ƙuda a gefen idon, ana ganin jijiyar fiffikensa. A cikin ƙwayar idon ma ga ni can a durƙushe, ƙarami, baki buɗe. Sama da kunnen doki kuma akwai wani abu fari dishi-dishi, kamar tururin tukunya, wanda aka biya ni in ɗauka. Na'urar ta san ido sarai, ba ta dai san wa ya biya kuɗi ba.

A filin kuwa, ina tsaye ina kallon allo sai na ji numfashi a wuyana. Wani dattijo ne, rediyo rataye a kafaɗa, goro a kumatu.

"Ɗan nan, kwantar da hankalinka. Ai ba a wanke ba tukuna. In an wanke zai fito."

"Baba, wannan ba a wanke ta."

"To ka ji matsalar. Abin da ba a wankewa ina zai yi haske?"

Ya ce in cire batir in ɗan cije shi, haka yake yi wa na rediyonsa. Na ce batir lafiya lau. Ya ce to in hura wa gilashin iska in goge da hula. Ya karɓi kamarar ya kanga a kunne, ya girgiza, ya saurara, ya miƙo mini da fuskar likitan da ya ga abin da ba zai faɗa ba. Gobe, in ji shi, in riƙa gaya wa zagi ya rufe wa doki ido kafin in danna. Wallahi da zai ci gaba har la'asar da na tsaya, don muddin yana magana ba sai na shiga gidan Alhaji ba.

Amma aka aiko. Na cire takalmi, na zube a zaure, na miƙa kamara. Alhaji ya sauke amawali, ya cire tabarau, ga fuska nan cikakkiya, wadda ko makahuwar kamara za ta kama. Ya duba na farko. Ya duba na biyu. Zaure ya yi tsit.

"Dokin dai ya yi kyau," in ji shi.

"Allah ya ja zamaninka, na'urar ce ta..."

Ashe Baba ya biyo ni. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, ba laifin yaro ba ne. Ni na gani da idona. Akwai layar zana a jikinka, ƙarfen Bature ba ya kama irinku. Kakanka ma haka yake."

Fadawa suka ɗauka gaba ɗaya: "Gaskiya ne! Sai an shirya!" Alhaji ya shafa gemu, ya sake duba tururin nan, wannan karon a hankali, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sa aka ba Baba kuɗin goro. Ni ba a yi zancen cikon kuɗina ba, ɗansa kuma yana kallona ta gefen ido, irin kallon wanda bai yarda da laya ba.

Da magariba mai dokin haya ya kira ni. Yana son uku, manya, da firam.