Mutanen Gidan da Aka Kashe Maigida

Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, marubutan Ingila sun kashe attajirai a takarda ba adadi. Shirin ɗaya ne: ƙaton gida a ƙauye, ƙanƙara ta rufe hanya, wayar tarho ta yanke, da safe a tarar da maigida a ɗakin karatunsa ya sandare. Littattafan sun kai ɗaruruwa, amma mutanen ciki suna kawai suke sauyawa. Wanda ya karanta goma ya gama sanin su duka.

Sai mu fara da marigayin, tunda shi ya tara mu. Ban taɓa ganin mai neman ajalinsa da ƙafarsa irin wannan bawan Allah ba. Tsoho ne, ga kuɗi, ga rowa, ga baƙin rai. Ya hana 'yarsa auren wanda take so, ya danne wa ɗan ƙanensa abin da ubansa ya bari, ya yi wa sakatarensa wulaƙanci a gaban baƙi. Duk wannan bai ishe shi ba. Sai ya tara su a teburin abincin dare, ya gyara murya, ya ce gobe da hantsi lauya zai zo a sauya wasiyya. Gobe fa! Maimakon ya sauya a ɓoye sannan ya sanar, sai ya ba su dare guda cur su yi shawara da Shaiɗan. A dokar Ingila ta farkon wancan zamani mutum na iya hana 'ya'yan cikinsa ko sisi, ya rubuta wa gidan renon kyanwoyi dukiyar baki ɗaya. Mu nan da wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita, da rabin littattafan nan sun mutu tun a shafi na biyar. Idan an ga gawar, ba mai kuka, ba zaman makoki. Ƙarfe huɗu na yi za a kawo shayi, kowa ya sha abinsa, har da ƙari.

Magadan ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai saurayin da caca da sukuwar dawaki suka cinye, akwai amaryar tsohon wadda ya yi jika da ita a shekaru, akwai ƙanwarsa gwauruwa mai ciwon kai kullum. Dukansu sukan yi wa 'yan sanda ƙarya, amma ba don sun yi kisa ba. Wannan ya fita cikin dare ganin budurwa, waccan ta je satar wata wasiƙa daga aljihun tebur. Sun gwammace a rataye su da a ji abin kunyarsu. A gefe kuma ga tsohon kanar da ya yi aiki a Indiya, ja-jawur da shi, ba abin da ya sani sai labarin damisar da ya harbe. Shi dai cika kujera ne aikinsa.

Sai gwanin bincike, wanda ba a gayyace shi ba amma ko yaushe yana kusa. Ƙa'ida ce ya zama yana da wata 'yar taɓuwa. Sherlock Holmes, da Arthur Conan Doyle ya fito da shi a 1887, yana zaune a gida mai lamba 221B a titin Baker a Landan, yana zuƙar lofe, yana goga goge da tsakar dare, idan aiki ya yanke ya yi wa kansa allurar koken. Ya dubi takalminka ya faɗa maka inda ka kwana. Hercule Poirot na Agatha Christie, wanda ya bayyana a 1920, tsohon ɗan sandan Beljiyam ne da yaƙi ya koro Ingila. Gashin bakinsa ya fi masa komai a duniya, kuma ransa na ɓaci idan ƙwai biyun da aka kawo masa ba su zo girma ɗaya ba. Abin dariyar shi ne, iyayen gidan nasu ma sun gaji da su. Doyle ya tura Holmes cikin kwazazzabon ruwan Reichenbach a Suwizalan a 1893 don ya huta, masu karatu suka hana shi sakat, dole ya dawo da shi da rai a 1903. Christie ta haƙura da Poirot sama da shekara hamsin, da ya mutu a 1975 jaridar New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafin farko, mutumin da ko haihuwarsa ba a yi ba.

Ni dai a cikinsu Miss Marple na fi tsoro. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauyen St Mary Mead da zare da ƙoshiyar saƙa. Ba ta auna sawun ƙafa, ba ta shinshina tokar taba. Ta dai saurare ka, ta gyaɗa kai, ta ce ka tuna mata da wani yaron mahauci a ƙauyensu da ya taɓa yin kaza. Shi ke nan, ka kaɗe. Iliminta gaba ɗaya tsegumi ne da ta adana shekara da shekaru, kamar tsohuwar nan ta cikin gida da kowa ke zaton gyangyaɗi take yi alhali ta san wanda ya buɗe tukunyar nama. Sirrinta ɗaya: ba ta kyautata wa kowa zato, kuma da wuya ta yi kuskure.

Kowane gwani da ɗan rakiyarsa. Holmes na da Dakta Watson, Poirot na da Kyaftin Hastings. Aikinsu mamaki. Su ga abin da gwanin ya gani, su fassara shi a juye, su riƙe baki a ƙarshe. Kada a ce sharri nake musu, a rubuce abin yake. Wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na wannan fanni a 1929, cikinsu har da cewa basirar ɗan rakiya ta gaza ta mai karatu, amma da kaɗan. Wato an ɗauke shi aiki ne don ni da kai mu ji mu ma wasu ne. Hastings ya ƙara da nasa ciwon: duk macen da ya ga kyakkyawa, ya wanke ta daga zargi nan take.

Sufeton gwamnati, irin su Lestrade da Japp, shi kuma gaggawa ce ke cinsa. Kafin shafi na sittin ya kama wani, kuma duk wanda ya kama sai ka cire shi daga lissafi, ya kuɓuta. A nan marubuta sun ci amanar tarihi. A 1860 an kashe wani yaro ɗan shekara 3 a gidan Road Hill, Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, ta tura Sufeto Jonathan Whicher. Ya lura rigar barci ɗaya ta ɓace, ya zargi yayar yaron, Constance Kent, 'yar shekara 16. Jaridu suka yi masa ca, wai ɗan talaka ya ci mutuncin 'yar gidan mutunci, aka sake ta, sunansa ya zube. A 1865 ta je da kanta ta amsa laifin. Sufeto ne ya yi daidai, masu wayon gari suka sha ƙasa.

Babban baran gida, mai baƙar kwat da fuskar da ba ta motsi, shi kowa ke fara nunawa, kuma da ƙyar ka sami littafin da shi ne. Wadda za ka tausaya wa ita ce 'yar aiki. Ta ga wani abu a matakala da daddare. Maimakon ta faɗa a take, sai ta ja gwanin gefe ta ce tana da magana, amma sai anjima. Ba ta kai anjiman.

Likitan gida kuwa, a yi hattara. Kowa ya yarda da shi, shi ke faɗin lokacin da rai ya fita, jakarsa cike da kwalabe. Christie ta san abin da ke cikin kwalaben, don ta yi aikin haɗa magani a asibiti a Torquay lokacin yaƙin farko, shi ya sa guba ta fi bindiga yawa a littattafanta. A 1926 ta yi abin da ya tada ƙura: likitan da ke ba mu labarin kisan Roger Ackroyd da bakinsa, yana bin Poirot yana taya shi bincike, ashe shi ne. Na gaske bai kai wannan wayo ba. Dakta Crippen, Ba'amurke mazaunin Landan, ya sayi guba a kantin magani a 1910, ya sa hannu a littafin kantin da sunansa na gaskiya. Matarsa ta ɓace, budurwarsa Ethel Le Neve ta fara yawo da kayan adon matar a bainar jama'a. Da zance ya yi zafi suka shiga jirgin ruwan Montrose zuwa Kanada, ita ta yi shigar yaro, wai uba da ɗa. Kyaftin ɗin jirgin ya ga yadda ɗan ke matse hannun uban ya wuce misali, ya aika saƙo ta wayar iska. Sufeto Dew ya hau jirgin da ya fi sauri, ya riga su isa. An rataye Crippen a watan Nuwamba na shekarar.

Na ƙarshe shi ne mai kisan na cikin littafi, mutum mai ladabi, wanda ya fi kowa taimaka wa bincike, shi ke miƙa wa gwauruwa hankici. Ya ƙulla dabarar agogo da ƙofa da jadawalin jirgin ƙasa wadda injiniya ma sai ya yi gumi. Amma ranar da gwanin ya ce kowa ya hallara a falo ƙarfe tara, maimakon ya nemi tashar jirgi, sai ya yi wanka, ya ɗaura lakataya, ya zo ya zauna a gaba, ya saurari bayanin awa guda har a zo kansa. Sannan ya miƙe ya amsa laifi, ya ma gyara wa gwanin inda ya ɗan kuskure. Ba lauya, ba neman beli, ba ɗage shari'a.

Saura kai mai karatu, da ka ce tun shafi na ashirin ka gane shi. Mun gan ka lokacin da ka leƙa shafin ƙarshe. Abin da zan roƙe ka ɗaya ne: idan ka ara wa wani littafin, kada ka ja layi a ƙarƙashin sunan likita.