Zuwa Ga Hajiya Balansiya, Wadda Ta Gasa Mini Aya A Hannu

Hajiya Balansiya, ranki ya daɗe,

 Ba lallai ki shaida mai wannan rubutu ba, don baƙinki ba sa ƙirguwa, ni kuma ba na cikin waɗanda masu otel ke tunawa da su. Ɗalibi ne ni, ɗan Maraɗi, ina karatu a Madrid. Na kawo miki ziyarar ƙarshen mako a farkon zafin bana, kuma tun da na koma maganarki ta tsaya mini a maƙogwaro. Gara in amayar da ita.

Kafin in zo, sanina da ke bai wuce na kowane yaro a gidan kallon ƙwallo ba: filin Mestalla, kofin La Liga na 2002 da na 2004, da wasan ƙarshe na Zakarun Turai da kika je a 2000 da 2001 kika dawo hannu rabbana. A Madrid aka ƙara mini da cewa ke ce ta uku a girma a biranen Sifaniya, kina kwance a bakin Bahar Rum, kuma jirgin ƙasa mai gudu yana cinye kilomita 350 ɗin da ke tsakani cikin ƙasa da awa biyu. Wannan jirgi na masu abin hannu ne. Mu 'yan tallafin karatu bas muka hau, muka sha zama gwiwa a haɓa.

Mutum ya matse cikinsa ya tara 'yan kuɗi don ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ina sauka kowa ya shiga gargaɗina, wai kada in kuskura in bar gari ban sha horchata ba, abin shan da babu irinsa a duniya. Na shiga wani shago mai bangon tayil, na zauna da ladabi. Aka kawo wani farin abu mai sanyi a dogon kofin gilashi, da siririn burodi mai sukari da ake tsomawa, fartons. Na yi bismillah na kurɓa. Hajiya, kunun aya ne. Kunun aya tsagwaronsa, wanda yara ke yawo da shi cikin kula a tashar mota, sai dai naki maraya ne: ba dabino, ba kwakwa, ko ƙamshin citta da kanumfari bai ji ba. Aya, ruwa, sukari, a tashi. Da aka miƙo takardar kuɗi na buga lissafi a kan sefa 656 duk yuro ɗaya, sai na ga kofin nan ya lashe abin da zai jiƙa maƙoshin majalisarmu gaba ɗaya, har a aika wa maƙwabta.

Ban haƙura ba, na bi sawun ayar har Alboraya, ɗan garin da ke manne da ke ta arewa. Can na tarar da ita kore shar, fili bayan fili, ruwa na bin ƙananan magudanai yana ratsa kunyoyi. Wani dattijon manomi, da ɗan Sifaniyancina da yawan nuni da hannu, ya yi mini bayani: wajen Afrilu ake shukawa, daga Nuwamba a ƙone ganyen a tone, a wanke, a baza a ɗakunan shanya ana juyawa wata da watanni. Yana faɗa yana duban fuskata ko zai ga mamaki. Ina zai gani? Ƙona ganyen aya kafin tono, a kan idona na tashi ana yi. Bambancin kawai, shi inji ke raba masa aya da ƙasa, mu kuwa iyayenmu mata ne ke tsugunne cikin rana da ƙura suna tankaɗe. Shi kuma ayarsa tana da hukuma mai kula da ita, da hatimin da ke shaida cewa haifaffiyar Balansiya ce, wanda shaguna ke liƙawa a ƙofa suna taƙama.

Abin da dattijon bai faɗa ba, wanda duk ɗan kasuwar aya a Maraɗi ya sani, shi ne noman naki ba ya isar bakunan da ke jiransa. Buhu-buhu kamfanoni ke sayowa daga Nijar da Burkina Faso da Mali. Ke nan kwalbar da ke jere a kanti, wadda ba ta da hatimin nan, ba abin mamaki ba ne gwaggota ce ta tankaɗe abin da ke cikinta. Aya ta shigo Turai ba wanda ya tambaye ta biza, ni kuwa sai da na sha layi da tarin takardu. Ban ce kin yi sata ba, kar ki ji ni da kuskure. Aya tsohuwa ce, har cikin kaburburan Misira ta dā an tsince ta, kuma ana cewa Musulmin da suka riƙe ki ƙarni da yawa, kafin Sarki Jaime na Ɗaya ya ƙwace ki a 1238, su suka yaɗa nomanta a ƙasarki tare da shinkafa. Jikokinsu ta tashoshin jiragen ruwan yankinki aka fara fitar da su a 1609, aka riƙe magudanan ruwa da irin shuka. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ganin yadda kika ɗauki abin da muke aunawa da tiya a bakin hanya, kika yi masa wanka, kika sa masa suna da daraja, sannan kika juyo kika sayar mini. Haushin rabi naki ne, rabi namu.

Da na ce bari in huce da abinci, sai kika sake. Paella, shinkafar da duniya ta san ki da ita, wai ba a dafa wa mutum ɗaya, sai biyu zuwa sama, kuma ɗan gari na ainihi da rana yake cinta, mai nemanta da dare baƙo ne. Ta gargajiyar kaza ce da zomo da koren wake, wani lokaci har da dodon koɗi. Ni da abokin tafiyata, wani Basenegale, muka dubi juna a kan batun yanka, muka zaɓi mai kayan teku. Aka kawo ta a faffaɗan kasko, shinkafar ba ta fi kaurin yatsa ba. Muna ci muna kauce wa wadda ta kama a gindi, sai ga mai hidima ya taho da sauri kamar an yi saɓo, ya karɓi cokali ya kankaro mana, yana cewa ai nan daɗin yake. Ƙanzo, Hajiya! Ƙanzon da a gidanmu ake jiƙa wa yara, ko a faɗa wa amarya magana a kansa, shi manyan mutane ke rububi da cokali, har suna kuka raɗa masa, socarrat. Wannan kam na sara miki.

Babbar kasuwarki da aka buɗe a 1928, mai rufin ƙarfe da gilashi, ta burge ni, duk da cinyoyin alade da ke reto a saman kai sun sa na ratsa wani layin ina sunkuye. Sai a unguwar Russafa na samu mahautan Magaribawa, hankalina ya kwanta. Tulun ruwan lemun nan kuma da ake kawo wa matasa da yamma, Allah ya saka wa wadda ta raɗa mini cewa gauraye yake da giya.

Agogonki ma abin kai ƙara ne. Tun 1940 ƙasarku ta tura shi gaba da awa ɗaya ba ta maido ba, ga ƙarin awar lokacin zafi. Ƙarfe tara da rabi na dare ina zaune ina jiran rana ta faɗi in yi Magariba. Abincin rana sai biyu ta gota, daga nan ƙananan shaguna su ja ƙyaure har wajen biyar, abincin dare kuwa sai lokacin da mutanen kirki ke shimfiɗa tabarma. A masaukin ɗalibai, ɗaki mai gadaje hawa biyu, ina tashi sallar Asuba abokan kwana na shigowa da takalma a hannu. Mu gaisa a bakin ƙofa, kowa na tausayin ɗan'uwansa.

Abu ɗaya da na fi ƙwallafa rai a kai, shi kika hana ni. Kotun Ruwa. Manoma takwas, kowanne zaɓaɓɓen masu shan ruwan magudanarsa, sanye da baƙaƙen riguna, suna zama a waje a Ƙofar Manzanni ta babban cocinki, wanda aka gina a kan tsohon masallaci. Wanda ya saci ruwa ba ranarsa ba, ko ya bar magudana ta toshe, a kira shi, a ji ta bakinsa, a yanke hukunci nan take da baki, ba lauya, ba ɗaukaka ƙara. UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya a 2009. Ni da na san yadda rigimar ruwan rani ke raba zumunci a fadama, na so in ga wannan da idona. To ranar Alhamis take zama, ƙarfe sha biyun rana, lokacin da ɗalibi ke gaban malami a Madrid. Na je ranar Asabar na gaida ƙofa. Da tana zaune, da maganar kunun nan a gabanta zan fara ajiye ta.

Kogi ma na nema. Na bi gada bayan gada, duk wadda na leƙa sai in ga ciyawa da masu keke da yara na ƙwallo, kamar Gulbin Maraɗi a tsakiyar rani, sai dai naki da gangan ne. Bayan ambaliyar 1957 kika kora kogin Turia ta kudu, kika mai da kwarinsa lambu mai tsawon kusan kilomita 9, wanda ke kai mutum har fararen gine-ginen da mai zanen gini Calatrava ya tsara. Gidan kifayen da ke can daga waje na yi masa kallo, aljihu bai ba da izini ba. A nan zan ajiye raha in yi miki jaje: ruwan 29 ga Oktoba 2024 ya ci rayuka fiye da 200 a garuruwan da ke kewayenki. Mu ma mun san ambaliya. Allah ya kiyaye gaba.

Teku kuwa, ba ni da ƙorafi a kanta. Ɗan ƙasar da ba ta da gaɓa ya tsaya a yashin Malvarrosa, ya naɗe wando ya tsoma ƙafa, ya ɗauki hoto ya tura gida. Sai dai sai da na yi ta juya waya kafin in samu kusurwar da zan iya nuna wa mahaifiyata, don mutanenki da sutura ba sa ga maciji a wurin nan.

Yanzu ga roƙona, kuma bai fi ƙarfinki ba. Ban ce ki rage mini kuɗin kofi ba, na san ba za ki yi ba. Ki gwada jefa dabino da 'yar citta a tukunya ko sau ɗaya, ki ji abin da kika daɗe kina hana kanki. Sannan duk kwalbar da ayarta ta fito daga wajenmu, ki sa a rubuta Nijar a jikinta da manyan baƙaƙe, a kuma ƙara wa masu tankaɗe kuɗin tiya.

Ki huta lafiya.

Naki,
Wani ɗalibi ɗan Maraɗi, daga Madrid