Ku da Kuka Tafa wa Kaboyi

To, masu taɓe baki, na ji ku. Wai me za a tsinta a tsofaffin littattafan nan na yadda Amurkawa suka nausa yamma suna cin ƙasa, takardu sun yi ja, ƙura har hanci? Alhali ku ne aka gani a gidan sinima kuna tafa wa kaboyi, har da mai hawa benci yana harbi da yatsa. Yanzu da furfura ta fito, kowa ya zama manazarci!

Daɗin littattafan a hanya yake. Ku duba The Way West na A. B. Guthrie, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1950. Ayarin amalanke ne daga Misuri zuwa Oregon, tafiyar mil wajen 2,000, shanu na ja, ga kogi a gaba, guzuri na ƙarewa, maza na cacar baki kan wanda zai ja ragama. Jikan fatake, wanda ya tashi da labarin madugu da zango, ya ce wannan bai motsa shi ba? Haba malam!

Za ku ce ƙarya ta yi yawa. Ai ba ku ga komai ba. Karl May, Bajamushen da ya fitar da littafin Winnetou a 1893, bai taka Amurka ba sai 1908, da ya je ɗin ma iyakarsa gabas. Jamusawa kuwa suka yi ta rububin saye.

Inda kuka kama ni, da ƙyar nake faɗa, shi ne batun masu ƙasar. A 1803 Amurka ta sayi Luwiziyana daga Faransa kan dala miliyan 15, ba wanda ya tuntuɓi ƙabilun da ke ciki. A 1838 aka tasa ƙeyar 'yan Cherokee zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya. Wata doka ta 1862 ta dinga raba eka 160 ga mai son noma, kamar gonar da ba ta da magada. Ko iyalin da ke cikin littafin Little House on the Prairie a ƙasar 'yan Osage suka kafa gidansu. To, ni wannan ma yana cikin abin da ke zaunar da ni: marubuci ya dage da wasa kakanninsa, ɓarnar da suka yi tana fitowa fili bai sani ba.

Mai so ya zo in ara masa Riders of the Purple Sage na Zane Grey, na 1912. Amma sai ya ajiye jingina, don na san halinku da littafin aro.